Gadon Makaɗi: Na Wane Ne Bayan Ya Kwanta Dama?

Gabatarwa

Idan attajiri ya rasu, ba a shan wahala wajen sanin abin da ya bari. Malamai za su zauna, a kawo lissafin gidaje da gonaki da shanu, a fitar da kuɗin likkafani, a biya bashi, a zartar da wasiyya, sa'an nan a raba saura. Matar mamaci ta ɗauki tumuninta in akwai 'ya'ya, namiji ya ɗauki ninkin rabon mace, kowa ya kama gabansa. To, in makaɗi ne ya rasu fa? Lalle shi ma za a raba rigunansa da dokinsa da gidansa kamar na kowa. Sai dai abin da ya sa duniya ta san shi, watau kiɗan da waƙar, ba ya hawa ma'auni, balle a yanka shi kashi takwas. Abin da nake so mu tattauna a wannan ɗan rubutu ke nan: mene ne ainihin gadon makaɗi, wa ke da shi, kuma wane nauyi ne ya hau kanmu, mu da muka saurara muka ji daɗi?

Zan kafa misali da mutum biyu. Na farko Ba'amurke ne baƙar fata, Randy Weston, gwanin kaɗa piyano a salon kiɗan jaz. Na biyu kuwa namu ne na ƙasar Yawuri, watau Aliyu Ɗandawo. Na san mai karatu zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? A yi mini haƙuri, a biyo ni sannu.

Randy Weston da kiɗan jaz

An haifi Randy Weston a unguwar Brooklyn ta birnin New York ranar 6 ga Afrilu, 1926. Mahaifinsa mabiyin ra'ayin Marcus Garvey ne, ya kuwa tayar da ɗansa a kan cewa asalinsa Afirka ne ko da yake a Amurka aka yanke masa cibiya. Wannan tarbiyya ce ta bi shi har ƙarshen ransa. A ƙarshen shekarar 1960, shekarar da Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka da dama suka sami mulkin kai, ya ɗauki wani dogon kiɗa a faifai mai suna Uhuru Afrika. Marubuci Langston Hughes ne ya tsara kalmominsa, wata gwanar busa mai suna Melba Liston ta tsara wa kowane makaɗi rabonsa. A 1964 gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta faifan a ƙasarta.

Weston ya zo Legas a 1961, ya sake dawowa a 1963, yana kuma cikin waɗanda suka halarci bikin FESTAC a 1977. A 1967 ya isa ƙasar Maroko, zama ya kama shi, har ya buɗe gidan kiɗa a birnin Tanja. A can ne ya shaƙu da Ginawa, jikokin bayin da aka ƙetara Sahara da su daga ƙasashenmu na Yammacin Afirka. Har yau a cikin waƙoƙin Ginawa ana ambaton Bambara da Fulani da Hausa, kuma duk Bahaushen da ya ga kayan kiɗansu zai tuna da garaya da sambani. Ya rasu a Brooklyn ranar 1 ga Satumba, 2018, yana da shekara 92.

Wani abin da ya ƙara kusanto da labarin gare mu shi ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi busa a faifan Uhuru Afrika, watau Yusef Lateef, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya mai da hankali a kan sarewar Fulani.

Yana da kyau a ɗan bayyana yadda ake kiɗan jaz, domin a nan ne hujjata ta dogara. Makaɗa kan fara da wani ɗan gajeren kari da kowa ya sani. Daga nan sai kowannensu ya karɓa bi da bi, ya ƙaga nasa nan take a kan wannan karin, ya zaga ya zaga, sa'an nan duka su dawo inda aka faro. Ɗalibin Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ai wannan shi ne gindin waƙa da ɗiyanta: gindi yana nan daram, 'yan amshi suna komawa gare shi, shi kuwa jagora yana saƙa ɗiya gwargwadon wuri da lokaci da wanda ke zaune a gabansa. Shi ya sa in ka tara kaset uku na waƙar Mamman Shata guda ɗaya, da wuya ka ji biyu sun zo daidai.

Aliyu Ɗandawo da fadar Yawuri

Aliyu Ɗandawo mutumin Shuni ne ta ƙasar Sakkwato. Ya yi kiɗan fada a Argungu, daga bisani ya komo Yawuri, a nan kuma ya rasu a 1966, zamanin Sarkin Yawuri Muhammadu Tukur. Bayansa ɗansa, marigayi Alhaji Sani Aliyu Ɗandawo, ya ɗauki sana'ar, ya yi wa sarakuna da masu sarauta da manyan mutane waƙa, har sunan gidan ya kai inda bai kai ba a da. Duk wanda ya tashi tsakanin Yelwa da Shanga da Ngaski da Warra, ya san muryar gidan Ɗandawo tun kafin ya san wane ne mai ita, domin tana tashi a rumfar mai shayi, da motar kasuwa, da cikin jirgin ruwa.

Ga mutum biyu ke nan, kowanne ya mutu ya bar kiɗa. Idan muka dubi abin da suka bari da idon basira, za mu ga ya kasu kashi uku, kuma kowane kashi hukuncinsa daban.

Kashi na farko: dukiya da suna

Wannan shi ne mai sauƙin hukunci, ko da yake shi aka fi zalunta. Waƙa tana jawo kuɗi bayan mai ita ya mutu. Mai sayar da kaset ya ci, mai tura waƙa a waya ya ci, wanda ya ɗora ta a YouTube ya ci. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2022, ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan mutuwar wanda ya ƙaga ta. Amma a kasuwanninmu wa ya taɓa ganin mai tura waƙa ya ware ko sisin kwabo ya ce wannan na marayun mai waƙa ne? Mutumin da zai ji tsoron ɗaukar damin gero daga rumbun marayu, shi ne zai sayar da muryar ubansu shekara ashirin bai ji ko ɗar ba. Dalili kuwa shi ne mun ɗauka waƙa iska ce, ba ta da mai ita. Alhali dare nawa mutumin nan ya raba yana saƙa ta?

Suna ma dukiya ne. A Amurka an kafa wata cibiyar koyar da jaz a 1986 da sunan Thelonious Monk, wani gwanin piyano da ya rasu a 1982. Bayan shekara talatin da 'yan kai, magadan Monk suka yi magana a kan ci gaba da amfani da sunan, aka canja shi a 2019 ya koma na Herbie Hancock. Ko mutum ya ga kyawun wannan ko bai gani ba, darasin a fili yake: sunan mamaci yana da masu shi, ba kuwa a ɗaukarsa a rataya a ƙofa sai da yardarsu. A ganina wannan kashi na iyali ne, babu ja.

Kashi na biyu: faifai

Faifai da kaset shaida ce. Su ne ke gaya wa wanda bai zo duniya ba tukuna yadda muryar take. A nan ne ratar da ke tsakanin mutanen nan biyu ta fi fitowa. Tun Weston yana da rai, a 2016, Jami'ar Harvard ta karɓi takardunsa da hotunansa da kiɗe-kiɗensa da aka ɗauka domin adanawa. Ya kuma bar littafin tarihin rayuwarsa, African Rhythms, wanda ya fito a 2010. Daɗin daɗawa, al'adar masu jaz ce a rubuta a bayan faifai ranar da aka ɗauka, da wurin, da sunan kowane mutum da abin da ya kaɗa ko ya busa. Shi ya sa bayan shekara sittin da wani abu muna iya cewa Melba Liston ce ta tsara, Yusef Lateef ya yi busa, Babatunde Olatunji ɗan Nijeriya ya kaɗa ganga.

To, mu juyo gida. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962 an ɗauki makaɗanmu da yawa, malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma sun yi ɗawainiyar rubuta tarihinsu, Allah ya saka musu. Duk da haka kaset ɗin da ke yawo a kasuwa sunan jagora kaɗai yake ɗauke da shi, wani lokaci ma a liƙa wa waƙar wani sunan wani. Ina ƙalubalantar 'yan'uwana ɗalibai: wa zai tashi a taron ƙungiya ya lissafa sunayen 'yan amshin Narambaɗa, ko na Ɗandawo, ba tare da ya duba littafi ba? Alhali kowa ya san a kiɗan fada ba jagora kaɗai ke gina waƙa ba. 'Yan amshi suna karɓa, suna ƙarawa, suna tuna masa inda ya manta. Musa Ɗanƙwairo kansa ya daɗe yana bayan wansa Kurna kafin ya zama jagora. Da ya mutu a wannan matsayi, da yanzu muna jin muryarsa a kaset ba mu san ko wane ne ba. Mutum nawa irinsa ne muka binne ba suna?

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da aka yi a Amurka daidai ne. Makaɗan jaz baƙaƙen fata da yawa sun mutu da talauci kamfanonin faifai suna cin guminsu. Kuma abin da aka kulle a ɗakin ajiyar babbar jami'a ya tsira daga gara, amma ya yi nisa da yaron Tanja ko na Legas wanda daga kakanninsa aka ɗebo kiɗan. Saboda haka hukuncin wannan kashi shi ne amana. Wanda faifai ke hannunsa, gidan rediyo ne ko jami'a ko wani tsoho mai akwatin kaset, mai ajiya ne kawai. Wajibi ne ya tsare shi daga lalacewa, ya rubuta gaskiyar asalinsa, kada kuma ya hana masu nema.

Kashi na uku: hannu

Wannan shi ne kashi mafi daraja, shi ne kuma mafi wuyar kamawa. Abin da nake nufi da hannu shi ne gwanintar kanta, watau sanin inda za a sa kalma, da inda za a yi shiru, da yadda za a karanta fuskar sarki a san ko ɗan waƙar nan ya shiga. Faifai ba ya ɗaukar wannan. Abin da faifai ya kama shi ne yadda aka yi waƙar rana ɗaya, a gaban mutane kaza. Mun kuwa riga mun ga cewa a jaz da kiɗan Hausa duka, waƙa ba ta zama wuri ɗaya. Wanda ya haddace kaset ya maimaita shi daidai wa daida har da tarin da makaɗin ya yi, ya yi aikin rikoda ne, rikoda kuwa ta fi shi iyawa.

Hannu daga mutum yake wucewa zuwa mutum. Weston ya sha ba da labarin yadda ya je gidan Thelonious Monk yana saurayi, ya zauna sa'o'i masu yawa yana jefa tambayoyi, Monk bai amsa masa ba. Da ya sake komawa sai Monk ya zauna ya yi ta kaɗa masa piyano. Karatun ke nan. Duk wanda ya saurari Weston zai ji Monk a ciki, zai kuma ji abin da Monk bai taɓa yi ba, watau yadda yake dukan ƙasan piyano da nauyi kamar mai kaɗa tambari. Haka Sani Ɗandawo. Da ya tsaya ga maimaita waƙoƙin mahaifinsa kurum, da gidan ya rufe tun da sarakunan da aka yi wa waƙoƙin suka ƙaura. Sai ya yi wa mutanen zamaninsa nasu, gidan ya rayu.

A nan wata tambaya ke tasowa: shin ɗan cikin mutum ya fi almajirinsa cancantar wannan gado? Bahaushe ya ce gado ba ya hana koyo, ya kuma ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Duke Ellington, wani babban mai piyano, ya rasu a 1974, ɗansa Mercer ya riƙe ƙungiyar har shi ma ya rasu a 1996. 'Ya'yan Ɗanƙwairo sun ci gaba da kiɗan gidansu bayan rasuwarsa a 1991. Amma Weston ba ɗan Monk ba ne, ya kuwa gaje shi. Abin da ya ba ɗa fifiko shi ne ya fi kowa daɗewa a gindin mai abin, tun yana ɗaukar ganga har ya fara amshi. In ya yi wannan zaman, ya gada. In bai yi ba, ya gaji riga da suna, hannun kuwa ya tafi ga wanda ya zauna. Saboda haka babu mai ikon hana wani wannan kashi. Sharaɗi ɗaya ne a kan wanda ya ɗauka, shi ne ya faɗi wurin wanda ya samo. Ɓarawon waƙa shi ne mai ɓoye malaminsa.

Bashin da ke cikin gadon

Akwai wani wuri da makaɗin Hausa ya sha bamban da mai piyano, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Piyano ba ya magana. Makaɗin fada kuwa da kalmomi yake aiki, kuma rabin aikinsa yabo ne, sauran zambo da habaici. Ya wasa ubangidansa, ya kuma muzanta wanda ya yi takarar sarauta da shi, ya siffanta shi da abin da har jikokinsa za su ji kunya. Wanda aka yi wa zambon ya mutu, wanda aka yi dominsa ya mutu, rigimar ta mutu, amma kaset yana nan yana zagi. Shin wanda ya gaji waƙar ya gaji zambon?

Shari'a ta ce a biya bashi kafin a raba gado. A ganina zambo bashi ne da ke wuyan waƙa, kuma hanyar biyansa biyu ce. Mai ajiya da mai nazari ba su da ikon yanke shi, domin wanda ya share zambo daga waƙar fada ya ɓata shaida, ya mai da tarihin sarauta kamar ba a taɓa yin hamayya ba. Aikinsu shi ne su adana shi cif, su kuma bayyana cewa maganar ɓangare ɗaya ce, wadda aka biya mai ita ya faɗa. Amma makaɗi mai rai, wanda zai tsaya gaban jama'a yau, ba dole ba ne ya sake tono wa jikoki abin da aka yi wa kakansu. Yana da 'yancin da jaz da kiɗanmu suka ba shi, ya riƙe gindin, ya sauya ɗiyan.

Wani kuma zai ce, duk wannan wahala a kan roƙo? Ai makaɗi maroƙi ne, malamai kuma sun yi maganganu a kan kiɗa. Hukuncin halacci na malamai ne, sun kuwa yi saɓani a kansa tun da daɗewa. Amma ko wanda ba ya sauraron kiɗa ya yarda cewa cin haƙƙin maraya haramun ne, jingina wa mutum abin da bai faɗa ba ƙarya ce, kuma Hausar da ke bakin Narambaɗa da Ɗandawo tana cikin mafi tsabtar da ɗalibi zai samu. Waɗannan sun isa hujja.

Darasin Kainji

Mu mutanen bakin tafki mun san yadda abu ke ɓacewa. Shekara biyu bayan rasuwar Aliyu Ɗandawo, watau a 1968, aka gama madatsar ruwa ta Kainji wadda aka fara a 1964. Ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibiran Gungawa da ƙauyuka masu yawa na bakin Kwara, aka tayar da mutum wajen 44,000. An ƙidaya mutane da ɗakuna, an gina sababbin gidaje. Sai dai takardar ƙidaya ba ta da gurbin waƙar da ake yi in an ja taru, ko kirarin da ke kan wani dutse ko wata tsamiya ta bakin ruwa. Abin da ya tsira daga cikin waɗannan shi ne wanda wani ya ɗauko a ka, ya kuma sami yaron da ya zauna ya saurara. Waɗanda suke samari a 1968 yau sun haura shekara saba'in. Mutuwa ba ta yin sanarwa kamar yadda hukuma ta yi kafin ruwa ya taso.

Kammalawa

A taƙaice, dukiyar makaɗi da sunansa na iyalinsa ne, faifansa amana ce a hannun mai riƙe da shi, hannunsa kuwa na wanda ya yi zaman koyo ne, muddin zai faɗi malaminsa. Mu masu sauraro ba mu fita ba, domin mu ma mun ci.

Ina roƙon 'yan wannan ƙungiya da malamanmu abu ɗaya. Kowannenmu yana da waya a aljihu wadda ta fi rikodar da aka ɗauki Ɗandawo da ita. In an tafi hutu, kowa ya nemi tsohon ɗan amshi ko makaɗi guda ɗaya a garinsu, ya je da ladabi da ɗan goro, ya nemi izini, ya ɗauke shi. Ya tambaye shi wa ya koya masa, da wa da wa suka yi kiɗa, wace waƙa aka yi wa wa kuma a kan me. Ya rubuta rana da wuri. Ya kawo kwafi ɗaya Sashe, ya bar ɗaya a hannun iyalin mutumin. In ɗalibi hamsin suka yi haka shekara biyar, za mu tara abin da na bayanmu za su gode mana.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu zama masu riƙon amana. Amin.